Tsimin Wuta a Gida: Daga Randa Zuwa Mita Mai Kati

Duk mai zama a majalisar magidanta a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga yadda hira ta sauya a 'yan shekarun nan. Da wuya yanzu a watse ba a taɓo maganar wuta ba: yunit nawa ya rage a mita, wane batir ne zai riƙe fanka har asuba, nawa buhun gawayi ya kai a makon nan. Dalili a fili yake. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce dubu a gidajen mai da yawa. A Afrilun 2024 aka mai da kuɗin lantarki naira 225 kowane yunit ga waɗanda ke rukunin A, wato ya ninka sau uku. A Oktoban shekarar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun riga mu ɗanɗanawa, domin a Agustan 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take sayar musu, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke amfani da shi.

Matsin nan ya sa kowa ya shiga neman dabara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, yawancin dabarun da ake ta turawa juna a waya kamar yau aka gano su, a gidajenmu muka tashi muka tarar da su, kuma da hannunmu muka jingine su. Suna aikinsu lafiya lau lokacin da muka jingine su. An dai yi mana alkawarin lantarki, muka kuma ɗauka duk abin da aka yi da ƙasa da ciyawa tambarin talauci ne. Iyayenmu sun fi ba da ƙarfi wajen rage buƙatar wutar tun daga tushe, mu kuwa muka mai da hankali kan yadda za mu ƙaro ta. A ganina wannan ne babban canjin da aka samu, sauran duk rassansa ne.

A fara da ɗaki. Wanda ya taɓa shiga soron ƙasa da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a waje, ya san sanyin da ke tarar mutum a bakin ƙofa. Bangon tubali yana da kauri, rufin azara da aka danƙara wa ƙasa shi ma haka. Zafin rana yakan ɗauki sa'o'i yana ratsa irin wannan kauri, kafin ya isa ciki rana ta yi sanyi. Da dare sai bangon ya riƙa sakin zafin da ya sha, shi ya sa da bazara ake fito da tabarmi tsakar gida ko a hau saman soro, da hunturu kuwa ɗumin nan shi ake nema. Tagogi ƙanana ne kuma can sama, inda iska mai zafi ke taruwa ta sami mafita. Ƙofa na da asabari, iska na shiga rana ba ta shiga. Magina sun san azarar giginya gara ba ta cin ta, sun san yadda ake haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa da katsi daga marina don yaɓe ya jure ruwa. Ilimin da ya ba Babban Gwani Muhammadu Durugu damar ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, shi ne dai ke aiki a ɗan ƙaramin soron talaka.

Ba zan ɓoye aibin ginin ƙasa ba. Yana son yaɓe kusan duk shekara, in aka yi sakaci da indararo damina ɗaya ta isa ta kawo shi ƙasa, kuma mun sha jin rushewar ɗaki a kan mutane cikin watan Agusta. Azara ta yi tsada saboda giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Kwana a tsakar gida ma ba kowa ke iya shi ba yanzu, ga sauro ga rashin tsaro. Wanda ya gudu zuwa kwano da siminti yana da hujja.

Sai dai a dubi abin da muka koma. Bulo inci shida mai rami, wanda rana ke ratsawa kafin azahar. Kwano, sau da yawa ba silin, kuma yayin da ake yi yanzu shi ne mai duhun launi, wanda ya fi kowane shan zafi. Tagogin gilas masu zamewa, waɗanda rabinsu kaɗai ke buɗewa. A sare darbejiyar da ke ƙofar gida don a sami wurin ajiye mota, a malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, ya sha rana wuni guda ya yi ta huci har tsakar dare. Irin wannan gida ba ya zaunuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, wato an gina shi ne bisa zaton wuta ba za ta ɗauke ba, a ƙasar da kowa ya san tana ɗaukewa.

Gyaran da ake iya yi wa gidan da aka riga aka gina ba shi da wuya, kuma na ga mutane suna yi da abin da ke hannunsu. Silin shi ne na farko, ko da na tabarma ne ko zana ko kwali, muddin an bar sarari tsakaninsa da kwano kuma an bar 'yar kafa da zafin zai fice. Wasu na shafa wa kwanon farin fenti, farin yana mai da hasken rana maimakon ya shanye shi. Bangon da ke fuskantar yamma shi ne ke gasa ɗaki da la'asar, rumfar zana ko ta kara a jikinsa tana rage abin sosai. A dasa itace ta wannan ɓangaren, a ɗan nisanta shi da tushen gini saboda saiwa. Jiƙaƙƙen buhun algarara a taga yana sanyaya iskar da ke shigowa, amma kafin saukar damina kawai, lokacin da iska take a bushe. Ginin ƙasar ma bai tsaya inda kakanni suka bar shi ba. Tun shekarun 1980 ake koya wa magina a Nijar rufin ƙubba da tubalin ƙasa zalla ba tare da itace ko ɗaya ba. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara sabon masallaci da aka kammala a 2018 da tubalin ƙasa da ake matsewa da na'ura, tsohon masallacin kuma aka mai da shi ɗakin karatu. Wanda ya ga hotonsa ba zai ƙara cewa ƙasa kayan ginin marasa hali ba ce.

Sai randa. A gidan da na tashi tana nan a gindin rumfa, an ɗan binne gindinta cikin yashi mai laima, da faifai a bakinta da moɗa a kai. Ruwanta na da sanyin da ba ya sa haƙori tsami, ga ƙamshin ƙasa. Yadda take aiki ba ɓoyayye ba ne. Jikin tukunyar yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, kuma ruwa ba ya bushewa sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jiki. Haka salkar matafiya ke yi, haka gumi ke yi a jikin mutum.

Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya ɗauki wannan sani a shekarun 1990 ya ƙara masa mataki ɗaya. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi kusan mako uku. Da albashinsa ya sa aka gina dubban tukwanen farko ya raba a ƙauyuka. Cikin abin da ya dame shi har da 'yan matan da ake ɗora wa tallar kayan miya kullum don kada su ruɓe, su rasa zuwa makaranta. A shekarar 2000 ya sami kyautar Rolex, dabarar ta bazu har Sudan da wasu ƙasashe. Abin da ke ba ni takaici shi ne, a birananmu da wuya ka shiga gida ka gan ta. Za ka tarar da firji a tsaye kwana uku ba wuta, kayan miya na narkewa a ciki, alhali tukwane biyu da bokitin yashi ba su kai kuɗin cefanen mako ba. Ba ta yin ƙanƙara, ba a ajiye nama ko magani a cikinta, kuma da damina ƙarfinta na raguwa. Amma watannin da ta fi aiki su ne watannin da aka fi buƙatarta.

A wajen murhu kuwa ba ni da kewar da. Murhun duwatsu uku ɓarna ne. Abin da ke isa tukunya daga zafin itacen bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, sauran yana bin iska. Hayaƙinsa kuma shi ya ci idanun iyayenmu mata da ƙirazansu, da na jariran da ke goye a bayansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta daga girki take, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Abin da ya cancanci a riƙe daga wancan zamani shi ne tattalin matan da ke gaban murhun. Ana aiken yaro maƙwabta ya ɗebo wuta a kasko don kada a ƙyasta ashana. Ana shanya itace ya bushe kafin a hura. Ana jefa 'yar kanwa a wake don ya yi saurin nuna. Ina jin muryar kakarmu har yanzu: "Ke 'yar nan, ja itacen nan baya, miyar ai ta tafasa." In an sauke tukunya a kashe bakin wutar a ajiye don gobe, a ɗora ruwan wanka a kan garwashin da ya rage, tokar ma a tara ta.

Wannan tattali ne ya haɗu da sabon sani ya haifi ingantaccen murhu. Mace da kanta tana iya kwaɓa laka da kashin jaki da yankakkiyar ciyawa ta kewaye duwatsun, ta bar ƙofa ɗaya ta sa itace, tukunya ta zauna daram a ciki, harshen wuta ya riƙa lasar gefenta maimakon ya watse. A Nijar an san murhun Albarka na ƙasa da Mai Sauƙi na ƙarfe tun shekarun 1980. A Sakkwato, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana ƙera murhunan tsimin itace da na hasken rana. A Kaduna ƙungiyar DARE ta yaɗa murhun Save80, wanda ke girki da ƙirare, yana zuwa da wani akwati mai riƙe zafi. Akwatin nan ne ya fi burge ni, domin kowa na iya haɗa irinsa. A sami kwando ko kwali a shimfiɗa tsohon bargo ko auduga, in shinkafa ta tafasa na 'yan mintoci a sauke tukunyar a rufe, a lulluɓe ta ciki, ta ƙarasa nuna da zafin kanta ba tare da ƙonewa ba. Wake in an jiƙa shi tun dare, shi ma haka.

Mutanenmu ba su taɓa rasa dabara ba in wuya ta yi wuya. Lokacin ƙarancin kananzir na shekarun 1990, da risho ya zama kayan ado, sai ga murhun da aka laƙaba wa sunan Abacha. A sami gwangwani, a tsayar da kwalba ko sanda a tsakiya, a danƙara garin katako kewaye da ita, a zare ta a bar rami, a kunna daga ƙasa ya yi sa'o'i yana ci. Abin da masu yankan katako ke zubarwa ya zama abin saye. Daga baya gas ya shigo gidaje da yawa, mata suka huta da hayaƙi, sai kilo ya haura naira dubu aka sake komawa gawayi. Kowane buhun gawayi kuwa itace ne da aka sare a wani daji, kuma motocin da ke shigo da shi birni kullum ƙara nisa suke yi kafin su samo.

Fitila ce kaɗai wurin da sabo ya fi tsoho ta kowace fuska. Daga aci-balbal muka koma fitilar ƙwai mai lagwani, wadda ake wanke wa ƙwai kowace magariba. Wajen tsakiyar shekarun 2000 samari suka fara haɗa wata da ɗan katako da ƙananan ƙwayaye da batir uku, su manna tsohon faifan CD a baya don ya ƙara haske, masu shayi da masu tireda suka rungume ta. Yau fitilar caji da ta sola sun kori kananzir daga ɗakin karatun yara, kuma ba wanda zai ce a dawo da shi.

Amma yaya aka yi tattalin da muka gada bai bi mu zuwa lantarki ba? Ina ganin amsar tana cikin yadda aka riƙa karɓar kuɗin. Tun zamanin NEPA, wadda ta koma PHCN a 2005 aka kuma sayar da ɓangaren rarrabawa ga 'yan kasuwa a 2013, gidaje masu ɗimbin yawa ba su da mita, kintace ake yi musu. Ka kashe fitila ko ka bar ta, takardar da za a kawo maka ɗaya ce. Mutane suka saba barin komai a kunne, har ƙwan ƙofar gida da rana tsaka, wasu ma don su gane in an kawo wuta. Ba a koyon tsimin abin da ba a auna shi. Mita mai kati ita ta dawo mana da lissafi. Ƙwai na da mai wat 60, wanda mafi yawan wutar da yake ci zafi take zama, na zamani mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da nasa. Ƙwai goma na tsohon yayi in sun yi awa biyar a kunne sun cinye yunit uku, sababbin ba su kai rabin yunit ba. A farashin naira 225 na Afrilun 2024, bambancin ya haura naira 500 a dare ɗaya. Dutsen guga guda kuma yakan ci abin da sababbin ƙwayaye ɗari za su ci, haka hita da risho na lantarki. Shi ya sa yanzu ake tara guga a yi ta lokaci ɗaya, ake cika firiza da robobin ruwa su daskare don su riƙe sanyi in an ɗauke wuta, ake matsar da firji daga jikin bango da kusa da murhu, ake duba robar ƙofarsa ko ta saki.

Yanzu kowa burinsa sola, kuma buri ne mai kyau. Abdou Moumouni, masanin kimiyyar da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna cewa ranar da ke ƙona mu dukiya ce. Sai dai ɗora faifan sola a kan gidan da ke zubar da wuta ta ko'ina tamkar ɗibar ruwa da kwando ne. Duk wat ɗin da aka rage kafin a kira mai haɗawa, ragi ne a yawan faifai da girman batir da inbata. Wanda ya sa silin, ya canza ƙwayaye, ya sayi fankar da ke aiki kai tsaye da batir, zai iya wadatuwa da ɗan ƙaramin haɗin da maƙwabcinsa zai raina. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙurar da ke kwanciya a kan faifan, domin tana rage abin da yake tarawa.

Akwai dabarun da ba na goyon baya ko kaɗan. Shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga saboda sanyi, ko kunna janareta a cikin gida don gudun ɓarawo, ya kashe iyalai sukutum, domin iskar da ke fitowa ba ta da launi ba ta da wari. Hitar da ake haɗawa da tsiraran wayoyi a tsoma cikin bokiti ta ci rayuka. Siririyar waya a kan babban batir gobara ce, haka tsofaffin batiran kwamfuta da samari ke harhaɗawa ba tare da abin kariya ba. Aikin waya a bar wa wanda ya koya.

Abu ɗaya da na lura da shi a duk tsawon wannan canji shi ne, wadda ta fi kowa sanin inda wuta ke zurarewa a gida ba ita ake tambaya ba. Uwargida ce ke wuni a ɗakin da kwano ke gasawa, ita ke tsaye a madafin da ba shi da mafitar hayaƙi, ita ta san kwana nawa tukunyar gas ke yi. Maigida da magini su suke tsayawa a fili su yanke inda kowane ɗaki zai zauna, sau da yawa ba tare da sun ɗaga kai sun dubi inda rana ke faɗuwa ba.

Don haka kai mai shirin gini a bana, kafin a haƙa tushe ka je filin da la'asar tare da iyalinka da magininka. Ku ga bangon da rana za ta daka, ku rage masa tagogi ku tanadar masa inuwa. Ku sa kowane ɗaki ya sami taga a ɓangare biyu. Ku ware kuɗin silin tun kafin na tayil, ku zaɓi kwano mai haske, ku fitar wa madafi hanyar hayaƙi, ku bar wani yanki na tsakar gida da ƙasarsa. In akwai itace a filin, ku ja ginin gefe ku bar shi a tsaye.